Masallaci da Maƙabarta a Idon Taswira

A cikin 'yan takardun da suka zo hannuna daga wani malaminmu na ilmin ƙasa, Allah Ya jiƙansa da rahama, akwai wata tsohuwar taswira ta ƙasar da ke arewa da birnin Kano, irin waɗanda ma'aikatar safiyo ta riƙa bugawa a shekarun da suka biyo bayan samun mulkin kai, wadda ninki ya cinye gefunanta har sai da aka tallafe ta da ƙyalle ta baya. Da na je gida hutun babbar salla, sai na shimfiɗa ta a kan tabarma a zaure gaban Baffana, ƙanin mahaifina, wanda bai taɓa zama a aji ba, amma babu wata gona tsakanin garinmu da bakin rafi da bai san mai ita da wanda ya bar masa ita ba. Na nuna masa hanyar mota, na nuna masa rafi, na nuna masa sunan garinmu da aka rubuta da boko, ya yi shiru yana dubawa har na zaci ya gamsu, sa'an nan ya ɗaga kai ya ce, "To, ɗana, na ga hanya, na ga ruwa. Ina masallacinmu? Ina kuma inda muka kai kakanka?" Na duba, na sake dubawa, ban sami ko ɗaya ba. Amsar wannan tambaya tasa, wadda ta gagare ni a ranar, ita nake so in warware wa mai karatu a nan gwargwadon abin da na fahimta daga baya.

Da farko ya kamata a san irin takardar da ake magana a kanta, domin ta bambanta da wadda ake ratayewa a bangon aji mai nuna Nijeriya duka a shafi guda. Wannan an yi ta ne don ta bayyana siffar ƙasa dalla-dalla, tudu da kwari, rafi da fadama, titi da turba, gari da ƙauye, kuma ma'auninta ɗaya bisa 50,000 ne, watau duk abin da ya kai santimita 2 a takarda, to kilomita guda ne a ƙasa. Shafi ɗaya yakan ɗauki yanki mai kimanin kilomita 27 a tsaye da 27 a kwance, wanda mai jaki zai yi yini yana ratsawa. In aka bi wannan lissafi, milimita guda, wanda bai fi kaurin zanen alƙalami ba, ya zama mita 50. Masallacin unguwa kuwa, wanda tsawonsa bai wuce taki goma ba, da kaɗan zai fi kaurin gashi. Saboda haka babu masallacin da zai shiga irin wannan taswira da girmansa na haƙiƙa, sai dai in mai zane ya yi niyya ya ba shi alama, kuma niyya, kamar yadda muka sani a sauran ayyuka, ita ce asalin al'amarin.

Yadda aka yi ta kuwa, aiki ne hawa-hawa. Tun zamanin Turawa ma'aikatan safiyo suka riƙa hawa duwatsu suna kafa ginshiƙan siminti a ƙwanƙolinsu, suna auna kusurwar da ke tsakanin wannan dutse da wancan, har suka ɗaure ƙasar duka da sarƙar alwatika, wadda aka ɗauki tushenta daga wani wuri kusa da Minna, shi ya sa har yau masu wannan sana'a suke jingina lissafinsu ga sunan Minna. Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1946, Ingila ta kafa hukumar safiyo ta musamman domin ƙasashen da take mulka, aka shiga ɗaukar hoton ƙasa daga jirgin sama, hoto yana hawa kan gefen ɗan'uwansa, ta yadda in aka ajiye biyu ƙarƙashin madubi mai ido biyu sai tudu ya taso, kwari ya faɗa, kamar mutum yana leƙowa daga gajimare. Da yawa daga taswirorin Arewa a kusa da Landan aka zana su daga irin waɗannan hotuna, a hannun mutanen da galibinsu ba su taɓa shaƙar ƙurar hunturu ba. Daga baya sai a turo ma'aikaci ya zaga ƙasa da keke ko da mota, yana tambayar dagatai da masu unguwanni sunayen wurare, yana cike abin da hoto bai faɗa ba. A nan ne ma aka sami saɓanin rubutu da ya bi mu har yau, inda wani ya rubuta Fanisau wani Panisau, wani Dambatta wani Danbatta, ƙugiyar ɗ da ƙ kuwa aka bar ta a hanya. Alhasali, abu ba ya shiga taswira sai ya tsallake ƙofa uku: ido ya gan shi daga sama, ma'aikaci ya tambaya a kansa, kuma a sami alamarsa a cikin jerin alamomin da aka buga a gindin takarda.

Wannan jerin alamomi shi ma yana da asali, kuma asalinsa Turai ne. A ƙauyukan Faransa da Ingila babu gini mai tsawon hasumiyar coci, ana hango ta daga nesa ƙwarai bisa kan itatuwa, har ma lokacin da zuriyar Cassini suka auna ƙasar Faransa a ƙarni na 18, hasumiyoyin coci suka mayar abin saiti, kamar yadda namu ma'aikata suka yi da duwatsu. Taswirar Ingila ta kai ga bambanta coci mai hasumiya murabba'iya da mai hasumiya mai tsini da wanda ba shi da ko ɗaya, kowanne da alamarsa, domin matafiyi ya ɗaga kai ya san inda yake. Maƙabartarsu kuma tana jikin cocin, an kewaye ta da katangar dutse, kowane kabari da allon dutse mai suna da shekara, wanda zai yi ƙarni biyu yana tsaye. Idon da ya tashi a irin wannan ƙasa ya saba da cewa wurin ibada shi ne mafi tsawo a gari, wurin matattu kuma shi ne mafi daɗewa. Da aka kawo shi ƙasar Kano, aka ƙara masa jinjirin wata kusa da gicciye a jerin alamomi domin masallaci, amma ba a sake masa ɗabi'ar dubawa ba, alhali kuwa a wurinmu al'amarin ya kusa zama kishiyar haka.

Kafin in shiga wannan, adalci ne in faɗi abin da taswirar ta gani da kyau, gama ta ga abu mai yawa. Duk wanda ya buɗe shafukan da suka ƙunshi Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa, ko ya haura Bichi da Dambatta, ko ya karkata gabas wajen Gezawa da Gabasawa, abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne baƙaƙen ɗigo da aka watsa ko'ina kamar an barbaɗa gero a faifai, kowane ɗigo gida ne ko tarin gidaje, da siraran turbobi masu haɗa su kamar saƙar gizo, har da wuya ka ɗora ɗan yatsa a wurin da babu mutum. Wannan ita ce karkara a ma'anarta ta asali, ƙasar da ake nomawa kowace damina ba a barinta ta huta. Wani malamin ilmin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero, shi da abokin aikinsa Wilson suka wallafa bincike a kanta a 1965, suka iyakance ta da yankin da mutane suka haura 350 a kowace murabba'in mil, inda fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙasa ke ƙarƙashin fartanya ko wace shekara. Abin da ya riƙe ta kuwa sananne ne ga duk ɗan ƙauye: takin awaki da tumaki da aka ɗaure a turke da damina, da tokar murhu da sharar birni da jakuna ke fitowa da ita a mangala da rani, su koma da itace da kara, da kuma gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya da ke tsaye a tsakiyar gonaki, kowace bishiya da mai ita. Da aka gwada hotunan sama na shekaru daban-daban, sai aka tarar itatuwan gonakin nan ba su ƙare ba kamar yadda masu hasashe suka yi tsammani, domin manomi ba ya sare abin da yake ci, sai dai ya yi masa sassabe.

Ta kuma ga ruwa. Layukan da ke nuna tudu da gangare, waɗanda a tsofaffin shafuka ake ja bayan kowace ƙafa 50, a nan sun yi nesa da juna ƙwarai saboda ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba sa matsuwa sai a gindin wani dutse ko a gaɓar Jakara da Tomas da Gari, waɗanda ke gangarawa gabas maso arewa. Ga layin dogo da ya iso Kano a 1911, ga reshensa da ya bi ta Jogana da Zakirai ya kai Nguru a 1930. Mai lura ma yana iya gane shekarun taswira daga abin da babu a cikinta, domin in ka ga Tomas da Jakara da Watari suna tafiya siriri babu tafki a kansu, to an ɗauki hoton ne kafin madatsun ruwan da aka gina a shekarun 1970, aikin da aka faro a zamanin Gwamna Audu Bako.

Kada kuma a ɗauka cewa sai da jirgin sama ya zo aka fara sanya ƙasar nan a takarda. A 1824, shekarar da Bature matafiyi Clapperton ya gana da Sarkin Kano Ibrahim Dabo a Fanisau, ya wuce Sakkwato inda ya samo taswirar ƙasashen Sudan daga wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka buga ta a Ingila a 1826. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 kuma, ba a daɗe ba aka fito da malaman taki, waɗanda ke bin gonaki suna aunawa da takun ƙafa, suna rubuta sunan mai gona da faɗinta domin a yanka haraji. Sai dai kowace taswira tana bin buƙatar wanda ya sa a yi ta: ta Bello hanyoyi da koguna da dauloli ta nema, ta malaman taki abin da za a biya wa kuɗi ta nema, wurin da ba a noma shi kuwa, ba a kuma karɓar kome a kansa, babu dalilin da zai sa a ɓata masa tawada.

To, mu dawo ga masallaci. Abin da Bahaushen ƙauye yake kira masallaci ya kasu iri-iri, kuma mafi yawansa ba abin da ido zai tsinkaya daga sama ba ne. Akwai wanda bai wuce fili da aka share a ƙofar gida ba, aka jera masa duwatsu ko guntayen itace, aka ɗan fitar da ƙugu ta gabas domin liman, aka zuba rairayi mai tsabta, sau da yawa ma a ƙarƙashin cediya ko durumi, wanda inuwarsa ta rufe shi ruf daga kyamarar jirgi. Akwai na zana da rufin kara. Akwai soron ƙasa mai rufin azara, wanda in ka dube shi daga sama ba ka raba shi da zauren mai unguwa, domin ƙasar da aka gina shi da ita daga kududdufin da aka gina sauran gidaje aka ɗebo ta, ladan kuma a kan 'yar matakala yake tsayawa ko a bakin ƙofa, babu hasumiya. Waɗannan duka masallatan hamsu salawati ne, kuma a ƙauye guda ana iya samun goma ko fiye, ko wane zaure da nasa. In da mai zane ya ce zai ba kowanne jinjirin wata, da takardar ta cika da wata har ba a ga gari ba. Saboda haka inda aka sa alamar, galibi babban masallaci ake nufi, na garin hakimi ko na wani tsohon gari mai ganuwa.

A nan kuwa taswira, ba da saninta ba, ta yi daidai da wata mas'ala ta fiƙihu. A mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce ta ƙasar nan, ba a tsai da Jumu'a sai a garin da mutane suka zauna zama na dindindin, a cikin masallaci ginanne, da mutum goma sha biyu mazauna garin ban da liman, waɗanda za su tsaya tun daga huɗuba har sallama. Kuma wanda ke zaune cikin mil uku daga masallacin, halarta ta wajaba a kansa. Malaman da suka gabata sun tsananta ƙwarai wajen hana yawaita masallatan Jumu'a ba tare da larura ba, kuma buɗe sabo sai da izinin sarki. Mil ukun nan na shari'a ya kai kimanin kilomita biyar da rabi, watau santimita 11 a takarda. In mutum ya sami zare mai wannan tsawo, ya kafa bakinsa a kan alamar masallaci ya kewaya, zai ga da idonsa ƙauyukan da mutanensu ke saɓa babbar riga ranar Juma'a da hantsi su kama turba, zai kuma gane dalilin da ya sa turbobin suka taru a wannan gari kamar jijiyoyin ganye, da dalilin da ya sa kasuwa da kotun alƙali da makaranta suka zauna a nan. A yau da masallatan Jumu'a suka yawaita, rufin kwano da hasumiyar siminti da lasifika suka kai ƙananan ƙauyuka, tsohuwar taswira ta zama shaidar wani tsari da ya shuɗe. Wani abu guda dai bai sake ba, kuma ana ganinsa sarai a hoton sama: gidajen ƙauye suna fuskantar duk inda turba ta juya su, amma masallaci ko yaushe a karkace yake a tsakaninsu, domin alƙiblar Kano ba gabas sak ba ce, ta karkata arewa da kimanin digiri 22.

Coci kuwa a wannan yanki kaɗan ne, amma inda yake, musamman na mishan, taswira ba ta kuskure shi. Dalili shi ne an gina tashoshin mishan da irin tsarin da mai zane ya saba da shi: rufin kwano mai ƙyalli a hoto, gine-gine a jere bisa layi, hanya miƙaƙƙiya da darbejiya dama da hagu, da fili mai iyaka wanda hukuma ta auna ta ba da takardarsa. Haka asibitin masu cutar kuturta na Yadakunya yake a ƙasar Ungogo, wanda mutane suka fi sani da asibitin Bela, wanda mishan ɗin SIM ta taɓa riƙewa tun kafin mulkin kai, haka kuma makarantar koyon Littafi Mai Tsarki ta Tofa, wadda ke hannun ikilisiyar ECWA. Amma 'yan'uwanmu Hausawa Kirista na ƙauye, waɗanda da yawansu daga Maguzawa suka fito, majami'arsu ta farko da ƙasa da kara suka gina ta kamar kowane ɗaki, kuma ita ma ta ɓace wa taswira kamar yadda masallacin Baffana ya ɓace. Ashe ba addini ne ya raba wanda aka gani da wanda ba a gani ba, kayan gini ne da takardar fili.

Maƙabarta ita ce ta fi ba ni tunani, domin a nan shari'a da kanta ce ta umarci abin ya ɓuya. Wanda ya taɓa raka gawa a ƙauye ya san yadda ake yi. Ana haƙa uwar kabari, tsawonta kudu da arewa, sa'an nan a tsakiyarta a haƙa ƙaramin rami daidai jikin mamaci, a kwantar da shi a kan gefensa na dama, kai a kudu, fuska ga alƙibla, a jera itace ko fasassun tukwane a bisa, a liƙe kafofin da ɗanyar ƙasa, a mai da ƙasar da aka haƙo, a tara ta ta ɗan taso kamar tozon raƙumi, tsayin da bai fi dani guda ba. Littattafan da almajiri ke karantawa a zaure, tun daga Risala ta Ibn Abi Zaid har zuwa Muhtasar na Halil, sun karhanta yin gini a kan kabari da shafe shi da farar ƙasa. Babu allo, babu suna, babu shekara. Iyaka a kafa ɗan dutse ko reshe a wajen kai, domin 'ya'ya su gane wurin in sun zo ziyara. Damina uku ko huɗu in ta wuce, tozon ya kwanta, ciyawa ta rufe, attajiri da almajiri sun zama ƙasa ɗaya. Ni a ganina babu wata al'ada tamu da ta fi wannan kyau da hikima, kuma ba na fatan ranar da za a sake ta. Sai dai sakamakonta a wajen taswira shi ne, mai zane a Landan yana duban wurin da aka rufe mutum dubu, ba ya ganin kome sai ɗan fili mai duhu-duhu, sai ya ba shi alamar kurmi ko saura, ko ya bar shi fari.

Amma fa wannan ɗan duhun shi ne alamar, ga wanda ya san ƙasar. A yankin da fartanya ba ta bar ko taki ɗaya ba, inda har gefen turba ake shuka rama da yakuwa, mene ne zai sa a bar fili guda ba a noma ba shekara da shekaru, a gefen gari, ba fadama ba, ba dutse ba, ba kuma burtali ba? Burtali dogo ne siriri, shingen aguwa ya tsare shi dama da hagu, yana tafiya daga makiyaya zuwa mashaya. Filin idi a share yake fes, babu itace a tsakiyarsa. Kufai kuma, inda gari ya tashi, kukoki ne ke tsaye cirko-cirko a tsakiyar gona, ƙasar wurin ta fi ta kewaye baƙi. Wanda ya rage, mai cunkoson sabara da kalgo da geza da aduwa da magarya, wanda turba guda ke shiga cikinsa ba ta fita ta ɗaya gefen, shi ne maƙabarta. Da yake ba a huɗa a ciki, ba a kai gatari, mai kiwo ma yana jin nauyin sakin dabba a wurin, sai ta zama ita ce ragowar dajin da ya rufe ƙasar kafin a sare shi, har mai neman ganyen magarya domin wankan gawa wani lokaci a bakin maƙabartar yake samunsa. Malamai suna cewa kabari hubusi ne ga wanda ke cikinsa, ba a tone shi, ba a taka shi, muddin akwai sauran wani abu nasa a ciki. Wannan hukunci, wanda aka yi domin alfarmar mamaci, shi ya tsare wa rayayyu irin itatuwan da suka ƙare a gonaki.

Abin da ya sa na ɗauki wannan magana da nauyi shi ne, tsaron da maƙabartar ƙauye take da shi duka a ƙirjin mutane yake. Muddin dattawan da suka haƙa kaburburan suna raye, muddin mai unguwa da liman sun san cewa daga tsamiyar nan zuwa waccan kuka wakafi ne da wane ya bayar, babu mai kusantar wurin. Amma birni yana tafiya. Ɗorayi, inda Baturiyar nan Polly Hill ta zauna tana nazarin manoma a farkon shekarun 1970, yau unguwa ce a cikin Kano. Haka gine-gine suka bi hanyar Katsina har suka haɗe da Dawanau, suka bi ta Ungogo, suka bi hanyar Haɗeja. Gona tana zama fuloti, gado yana rabuwa har kashi ya yi ƙanƙanta, magada suna sayarwa su tashi, mai saye kuma baƙo ne wanda bai raka kowa wurin ba. Tun daga dokar mallakar ƙasa ta 1978, hujjar da ta fi ƙarfi a gaban hukuma ita ce takarda da zanen safiyo, kuma wurin da takarda ta nuna fari, mai son zuciya yana iya rantsuwa cewa bai san akwai kowa a ciki ba. Ana fara cin gefe da kunya ɗaya, bana a ƙara biyu, baɗi a kafa harsashi. Taswirar da ke cikin wayar hannu, wadda tauraron ɗan'adam ke ɗauko wa hoto, ta fi tsohuwar kaifin ido nesa ba kusa ba, har tana nuna tozon sabon kabari, amma ita ma ba ta san sunan wurin ba sai wani ya gaya mata, kuma za ka tarar an sa sunan shagon sayar da katin waya, maƙabartar da ke bayansa ba a sa ba.

Gyaran kuwa ba mai wuya ba ne, kuma bai saɓa wa shari'a ba, domin abin da aka karhanta shi ne gini a kan kabari, ba a hana shata iyakar maƙabarta ba. Abin da ake bukata shi ne dagaci da liman da dattawan gari su zaga da ma'aikacin safiyo tun masu sani suna da rai, a kafa turakun siminti a kusurwoyi, a rubuta faɗin wurin da sunansa da sunan wanda ya yi wakafinsa, a ajiye kofe a wurin hakimi da ƙaramar hukuma da ofishin filaye na jiha, a kuma haɗa da filin idi da burtali da kududdufin gari, waɗanda su ma dukiyar jama'a ce da ba ta da mai tsaya mata. Inda aka sami hali a ja katanga, inda ba a samu ba shingen aguwa ko bini-da-zugu ya wadatar. Samarinmu da suka yi karatu, waɗanda kowannensu ke riƙe da wayar da ke iya faɗin matsayin wuri a doron ƙasa, aikin yini guda ne a wurinsu.

Da na koma gida da rani na sake fito da takardar, na gaya wa Baffa abin da na gano, ya saurara har na gama. Sa'an nan ya ce in nuna masa rijiyar bakin kasuwa, na nuna masa, ya ɗora ɗan yatsa a kanta, ya bi turbar da ta fita yamma a hankali, yana ambaton masu gonakin da take ratsawa ɗaya bayan ɗaya, rayayyu da matattu, har ya zo inda ta rabu biyu, ya tsaya a cikin farin da ke tsakanin rassan, ya ce, "Nan ne. Kakanka yana wajen kudu, kusa da aduwa." Washegari da sassafe muka tafi tare, muka yi sallama ga mutanen wurin, muka yi musu addu'a, sa'an nan na bi gefen shingen ina ƙirga taki, shi kuma yana gaba yana nuna mini inda iyaka ta tsaya a zamanin mahaifinsa. Ta gabas mun tarar kunya huɗu na gero sun riga sun shigo. Da muka dawo zaure na fiƙe fensir na zana wurin a kan taswirar, tsawonsa milimita uku, faɗinsa biyu, na rubuta sunansa a gefe da boko, Baffa kuma ya sa aka kira liman ya rubuta shi da ajami a ƙarƙashi.